Dusar da Na Ba Kajin Kaka

Tun kafin in ga kamfanin na ji shi a hanci. Muna cikin motar jami'a, ni da Farfesa, gilashi a rufe ruf saboda sanyi, amma warin ya san hanyar da ya bi ya shigo. Na ce a raina, a'a, ba dai shi ba. Da muka tsaya a bayan ginin aka buɗe bakin wani ƙaton bututu, sai ga ta tana zubowa cikin tirela, a jiƙe, da zafinta, tana tururi. Dusa. Dusar giya, irin wadda na baro a bayan ɗakin Mama a Fadan Kaje, sai dai tasu ta sha'ir ce, tamu ta dawa. Farfesa ya miƙo mini bokitai biyu da shebur yana murmushi, ya ce ga arzikinmu nan, in ɗiba.

Da mutanen jami'ar suka kira ni karatu cewa suka yi zan yi bincike a kan ragowar hatsi. Ni kuwa na ɗauka ƙaiƙayi ne ko kara. Ban tambaya ba. Wadda ta shekara da shekaru tana koyar da kemistiri a Kafanchan, a makarantar da alli kawai ne kayan gwajinta, in aka ce mata zo, ba ta tsayawa tambayar ragowar wane hatsi.

Sunana Rifkatu. Burukutu ne ya yi mini makaranta, ba na ɓoyewa yanzu. Tun da Baba ya rasu Mama ta ɗora ganga a murhu, da ita ta riƙe mu, ni da yayana Bulus. Saboda sana'ar nan ba a ba ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, a majami'armu. Tana zuwa sujada ta zauna a bencin baya, ta yi waƙa fiye da kowa, in an zo jibi ta sunkuyar da kai. Aikina ina ƙarama shi ne kai wa aladu dusa da zarar an tace, domin a gidanmu doka ɗaya ce ba a karyawa: dusa ba ta kwana, kuma ba a zubar da ita. Ko tafin hannu guda ka bari ya zube, Mama za ta tambaye ka ko kai ne ka noma dawar. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare ta kira ni bayan ɗaki, ta ɗauko sabon sabulu, ta wanke mini hannu da kanta har gwiwa, ta ce daga yau hannun nan alƙalami zai riƙe, in ta ƙara ganinsa cikin dusa ba ta yafe ba. Daga ranar Bulus ya gaji aladu, kuma har yau yana yi mini gori.

To ga ni a wata ƙasa can gabashin Turai, wadda ba zan faɗi sunanta ba, shebur a hannu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da Mama ta tambaye ni a waya wane irin aiki suka ba ni, na ce muna neman magani a cikin hatsi. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙara komai a kai ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Kafin in taso, idon Mama na hagu ya riga ya mutu. Ita ta ce hayaƙin murhu ne, likita a Kafanchan ya ce hawan jinin ido ne, kuma na dama ma yana bin sawu. Ya ce maganin ɗigawa zai ja masa kwana, amma abin da ya tafi ya tafi. Na so in fasa tafiyar, Mama ta ce in na fasa ita da ni. Abu ɗaya ta roƙa, in dawo mata da rigar nan ta masu gama karatu da hularta mai jela, in sa a tsakar gida ta gan ni da idonta. Karatun shekara biyu ne. Na yi lissafi da idon Mama, na ce za mu kai.

Zangona na farko ɗakin kwanan ɗalibai ne, kuma ban daɗe ba. Gadon da aka ce nawa ne na tarar an ba wata, aka ajiye ni a ɗakin baƙi, kullum matar da ke kula da ginin tana nuna mini ƙofa da haɓa. Rana tana faɗuwa tun mutane ba su tashi aiki ba. In ka gaishe da mutum a hanya sai ya dubi bayansa ya ga da wa kake. Lahadi ta farko na bi ƙarar ƙararrawa na shiga wata majami'a, ban ji ko kalma ɗaya ba, na zauna a bencin baya ina rawar ɗari cikin wata 'yar rigar sanyi da na saya a gwanjon Kafanchan. Da aka tashi wata tsohuwa gajera ta kama hannun rigar ta murza, ta girgiza kai, ta ja ni. Ban san inda za mu ba, na bi ta, domin a ranar ko akuya ce ta ja ni zan bi.

Gidanta a ƙarshen layin motar haya yake, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Tana da ɗaki a sama da ba kowa, tana da kaji a bayan gida. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, na ce mata Kaka, ta amsa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, da hannu da ido muka yi cinikin ɗakin. Sannan ta buɗe kabad ta fito da wata ƙatuwar rigar sanyi baƙa, ta mijinta marigayi, ta ɗora mini a kafaɗa. Rigar ta kai mini har ƙwauri. Da ita na yi duk zirga-zirgar kamfanin giya.

Aikin kansa, in faɗi gaskiya, ya shiga raina. Dusar nan da ake gani kamar shara akwai dukiya a cikinta. Akwai sinadarai masu hana abinci da mai saurin lalacewa, waɗanda masu man shafawa da masu magani suke nema ido rufe, akwai kuma furotin. Matsalar ita ce fito da su. Hanyar da aka saba, a jiƙa dusar cikin wasu ruwaye masu guba, masu kama wuta, waɗanda in ka shaƙa kanka ya sara, in ka zubar su kashe kifi. Mu kuwa namu ruwan narkarwar daga kayan da ba su cutarwa muke haɗa shi. Turawa suna ce masa kore, ba don launinsa ba, don bai ɓata ƙasa. Akwai wani farin gishiri da masu kiwo suke sa wa a abincin kaji, sai a haɗa shi da gilisarin, ko a haɗa sukari da tsamin lemo. A sa a kwalba, a ɗora a kan ɗumi kaɗan, a yi ta juyawa. Kana kallo gari da gari su narke su zama ruwa mai kauri kamar zuma. Ranar da na fara gani na yi dariya ni kaɗai. A zuba busasshiyar dusa a ciki, a bar ta ta jiƙu da ɗumi, a tace. Ruwan ya fito ja-ja, ya ɗauko abin da ake nema, na'ura ta auna.

Sai dai dusa dusa ce ko a ina, ba ta jira. In ta wuni a jiƙe ta fara tsami, in ta kwana biyu ta yi furfura. Duk ranar da kamfani ya dafa, dole in kasance a bakin bututu da safe, in kwaso, in shanya a oben kafin ta juya. Sauran ɗaliban 'yan ƙasa ne, suna da uzuri iri-iri, wannan bayansa, wancan hancinsa. Farfesa ya lura ni ba na toshe hanci, ba na ɓata lokaci, sai ɗiban ya zama nawa ni kaɗai. Yakan yabe ni a gaban baƙi, ya ce bai taɓa samun ɗaliba mai hannu irin nawa ba. Da na nemi hutun Kirsimeti ya ce ai lokacin ne kamfani ya fi dafawa. Na haƙura, na ce saura kaɗan.

Kowace Lahadi bayan sujada Bulus yakan riƙe wa Mama waya mu ga juna. Takan matso da idon dama har ya cika mini fuskar wayar, ta fara bincike. Na rame. Leɓena ya bushe. Wane ne ya yi mini wannan kitso kamar an ja kaza ta cikin ƙaya? Ina jin daɗin faɗan nan fiye da abinci, domin muddin tana ganin aibina, idon yana nan.

Abin da ya dame ni tun makon farko shi ne ragowar. In an tace, dusar da ta saura a mataci ana zuba ta a jaka mai ruwan ɗorawa, a ɗaure, mota ta zo ta kai a ƙone. Dokar ɗakin gwaji ke nan, duk abin da ya shiga nan bai fita sai ta hanyar wuta. Na san dalilin dokar, akwai guba a ɗakin, ba kowa ne za a yarda da hankalinsa ba. Amma tawa dusar me ta taɓa? Gishirin abincin kaji, sukari, tsamin lemo, ruwa. Ni na haɗa da hannuna. Ga kuma wadda ta yi saura a bokiti, ko ɗakin awo ba ta shiga ba, ita ma wuta. Duk jakar da na ɗaure sai in ji muryar Mama a ƙeyata tana tambaya ko ni na noma. A gida kuma ga kajin Kaka sun takure da sanyi, sun daina ƙwai, tana ba su ɓawon dankali tana yi musu magana kamar jikoki.

Ban yi wata doguwar shawara ba. Na fara ɗauraye ragowar da ruwan ɗumi, in matse, in zuba a roba in sa a aljihun rigar mijin Kaka, aljihun da zai ɗauki ɗan akuya. Ranar farko Kaka ta shanshana, ta dube ni, ta watsa musu kaɗan. Suka yi kanta kamar za su cinye robar. Kafin sanyin shekara ta biyu ya wuce, kajin sun yi ɓul-ɓul, ƙwai har muna ba maƙwabta. Kaka ta tambaye ni da hannu daga ina, na nuna mata hoton ɗakin gwaji a waya, da Farfesa a tsaye cikin farar riga. Ta gyaɗa kai, ta ɗora hannu a ƙirji. Ni kuwa ban ga komai a ciki ba.

Ana saura kaɗan Ista, na gama gwaje-gwajena, na rubuta rabin kundin bincikena, an ce da bazara zan kare shi in tafi. Ina tsaye ina tace wani samfuri sai na ji muryar da na sani a baranda. Kaka ce, cikin rigarta ta zuwa majami'a, da kwando a hannu an rufe da farin ƙyalle mai ado. Ta shiga mota ta ratsa gari, ta yi ta nuna sunan jami'ar har aka kawo ta. A ƙasarsu Ista lokacin kyautar ƙwai ne, ta dafa ta rina su ja da shuɗi, ta kawo wa mutumin kirkin da yake aiko wa kajinta abinci. Ta kama hannun Farfesa da hannu biyu tana zuba godiya da yarensu, tana nuna ni, tana kwatanta girman kajin. Ban ji abin da take cewa ba, amma ina kallon fuskarsa. Ya karɓi kwandon, ya yi mata godiya, ya raka ta har bakin matakala. Sannan ya ce in same shi a ofis.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ya ce fitar da sharar ɗakin gwaji laifi ne da ake kora a kai, kuma tun da abin ya shiga ƙwan da mutane suka ci, in hukuma ta ji, ba jami'a kaɗai za ta yi magana ba. Na ce masa ya fi kowa sanin babu abin cutarwa a ciki, shi da kansa yake faɗa wa baƙi haka. Ya ce sani daban, doka daban. Ya juya jan ƙwai ɗaya a kan tebur, sannan ya ce:

"Ba na so in rasa ki, Rifkatu. Zan rufe maganar. Amma ke ma za ki taimake ni."

Kamfanin giyar ya ba shi wani sabon aiki, a gwada hanyarmu a manyan tukwane, ba a 'yan kwalabe ba. Aikin shekara guda ne, kuma ba shi da mai yi. Kundina, in ji shi, da ma bai nuna ba tukuna, zai fi kyau in an haɗa da sabon sakamakon. Na gaya masa zancen idon Mama, wanda da ma ya sani. Ya ce ya tausaya ƙwarai, ya ce ai likitoci sukan faɗi abin da ya fi muni ne. Da na fito ya bi ni da kwandon, wai in raba wa sauran ɗalibai.

Mako guda ban yi wa Kaka magana ba. Ina shigowa in haye sama. Ta rasa laifin da ta yi mini, ta riƙa ajiye mini miya a bakin ƙofa. Daga baya na ji kunyar kaina, domin matar nan abin da Mama za ta yi ke nan, wanda ya ciyar da dabbarka ba ka barinsa ba godiya. Na sauko na ci miyar a gabanta. Da ta ga na dawo aljihu wayam, kwana ɗaya, kwana biyu, ta gane akwai magana, ba ta ƙara tambaya ba. Kajin suka koma ɓawon dankali.

Zango na gaba ofishin baƙi ne. Katin zamana ya ƙare da ƙarewar shekara biyun, sabuntawa kuma sai da shaidar Farfesa. Ya bayar, amma ba da sauri ba. Aka buga mini hatimi a fasfo, wata mata ta bayan gilashi ta yi mini bayani da Turancin da ta ƙirga kalmominsa: da hatimin nan ina iya zama har katin ya fito, amma in na fita ƙasar ba zan dawo ba. Yaushe katin zai fito? Ta ɗaga kafaɗa. Na yi ta komawa ina zama a dogon bencinsu tare da mutanen ƙasashe iri-iri, kowa ya ƙura wa allon lamba ido, ba mai yi wa wani magana. Amsar ba ta canja ba.

Na kira Bulus na ce zan tattara in dawo, karatun ya ci kansa. Ashe Mama tana kusa. Ta karɓi wayar ta koma yarenmu, wanda ba ta yi da ni sai magana ta kai magana. Ta ce ita ba ta sha hayaƙi shekara da shekaru don in dawo mata hannu rabbana ba. Ta ce matan zumuntar majami'a sun riga sun zaɓi waƙar da za su yi ranar da zan sa rigar, har waɗanda ba su zama benci ɗaya da ita. Ta ce idonta garau yake, jiya ma ita ta zura zare a allura. Gaba kura, baya sayaki. In na tafi na karya mata zuciya, in na zauna ina caca da idonta.

Na zauna. Shekarar nan ba ni da abin faɗa a kanta da yawa, domin kwanakinta duk ɗaya ne. Mota, bututu, bokiti, oben, tukunya, mataci, jaka mai ruwan ɗorawa. Yanzu ragowar ta ninka, tun da tukwanen manya ne, kuma ni nake ɗaure ta in kai bakin ƙofa. Ruwanmu ya yi aiki a babbar tukunya kamar yadda ya yi a ƙarama, har muka gano ana iya tace shi a sake amfani da shi. Da a wani hali ne da na yi murna. Farfesa ya je taro ƙasashe ya yi bayani, ni ina bakin bututu. Duk lokacin da na tambayi ranar kare kundi sai ya ce bayan rahoton kamfani, in ya ga na matsa sai ya tambaye ni lafiyar kajin tsohuwata. A cikin rahoton nan na ga ya rubuta cewa ragowar da hanyarmu take bari ta dace da abincin kaji, kuma wannan babbar riba ce. Na karanta layin sau biyu, na je bayi na wanke fuska.

Ba mai kitso a garin, wadda take yi mini ta koma ƙasarsu, gashina ya dunƙule ya fara karyewa. Wata Asabar na ɗauki almakashin Kaka na sauke shi duka, na bi da reza. Na san Mama, a wurinta mace mai aski ko makoki take ko ta haukace. Lahadi na zauna gaban waya ba ɗankwali, na shirya shan faɗa, har ina ɗokinsa. Bulus ya miƙa mata. Ta matso da fuskarta kamar kullum, ta tsaya kamar mai dubawa, sannan ta ce:

"Yawwa, yau kam kitson ya yi kyau. Wa ya yi miki?"

Idonta yana kallon gefen wayar, wajen kafaɗar Bulus. Na ga Bulus ya juya fuska. Na ce wata 'yar Ghana ce, Mama. Ta ce in riƙe ta da kyau, masu hannu sun yi wuya.

Da yamma Bulus ya kira ni daga bayan gari, inda ba za ta ji ba. Ya ce tun lokacin girbin citta idon ya rufe, ko hasken ƙofa ba ta gani. Ta sa shi ya rantse da Littafi Mai Tsarki ba zai gaya mini ba. Kowace Lahadi yakan fara duba ni a wayar ya raɗa mata yadda nake, ta haddace, ranar nan ce kawai ya makara bai duba ni ba kafin ya miƙa mata. Ban yi masa faɗa ba. Na sauko ƙasa na zauna a kicin ɗin Kaka, na nuna mata hoton Mama, na rufe idona biyu da tafin hannu. Ta gane. Ta zauna kusa da ni tana shafa ƙoƙon kaina har kukan ya ƙare don kansa. Washegari ta yanka kaza ɗaya cikin 'yan jikokin nata.

Abin da ban zata ba shi ne, daga ranar na daina jin tsoron Farfesa. Abin da yake riƙe ni da shi sauri ne, ni kuma saurin ya ƙare. Na gama masa tukwanensa, na ajiye kundin a teburinsa na ce ya sa rana, in kuma zai kai ƙarata ya kai, sai mu yi bayanin layin kajin nan na cikin rahotonsa tare. Ya dube ni ta saman tabarau. Cikin wata guda aka sa rana. Katin zaman ya fito ana saura 'yan kwanaki in tafi, na karɓa na jefa a jaka.

Ranar tafiya na ninke rigar mijin Kaka na mayar mata. Ta tura mini, ta nuna hoton Mama a wayata, ta rungume kanta tana kwaikwayon rawar ɗari. Na taɓa gaya mata da hannu cewa garinmu ma akwai sanyin safiya. Na kai rigar wurin masu wanki, na kuma fesa mata turare, na sa a ƙasan akwati tare da rigar gama karatu.

Daga Abuja na shiga motar Kafanchan, Bulus ya tare ni a tasha da babur. Mun iso Fadan Kaje da la'asar. Murhun yana nan, ba ganga a kai, ciyawa ta fito a tsakiyarsa. Mama tana zaune a kan turmi a ƙofar ɗaki, ta ji tsayuwar babur ta miƙe tana lalube. Ba mu yi zancen ido ba, ita ta san na sani. Ta bi fuskata da yatsu, ta kai kan gashin da bai gama tsirowa ba, ta ce 'yar Ghanar nan ashe wanzamiya ce. Na sa rigar da hular a tsakar gida kamar yadda muka yi alkawari. Ta shafa daga kafaɗa har ƙasa, ta kama jelar hular ta ja kaɗan, ta tambayi launinta. Matan zumunta sun zo sun yi waƙarsu, ta fi kowa ɗaga murya.

Da safe sanyi ya sauko, na fito da baƙar rigar na ɗora mata, na ce tsarabar wata tsohuwa ce da ta riƙe ni kamar 'yarta. Mama ta ja wuyan rigar ta rufe haɓa. Sai ta tsaya. Ta cusa hanci a cikin ulun, ta zura hannu a aljihu ta fito da shi ta shanshana. Ni ban ji komai ba sai turare.

"Wa yake sa rigar nan a can?"

Na ce ni ce.

"Wannan dusa ce, Rifkatu. Amma ba ta dawa ba."

Na ce ta sha'ir ce. Na durƙusa a gabanta na gaya mata aikin tun daga bakin bututu, da ruwan da muke haɗawa da sukari da tsamin lemo, da abin da yake fitowa, da abin da ake yi da shi. Ina magana ina jiran ta tuna mini da sabulu. Ta nemi hannuna ta riƙe, tana murza tafin da babban yatsa, inda shebur ya bar kanta. Can ta tambaye ni, in mun tace, ragowar fa, wa ake ba? Na ce ƙonewa suke yi, doka ce.

"Ƙonewa. Ke kuma kina tsaye kina kallo?"

Na ce a'a, Mama, na kwasa na ba kajin tsohuwar.

"Sun yi ƙwai?"

Na ce har da na kyauta.

"Yawwa," in ji ta, ta saki hannuna, ta gyara rigar a kafaɗa. "Na san ban haifi mai zubar da dusa ba."

Ta juya fuska wajen da take jin ɗumin rana, tana murmushi. Ban gaya mata abin da ƙwan nan ya ci mana ba. Na gargaɗi Bulus, wanda ya san zancen, kuma wannan karon ni na sa shi ya rantse.